Dhruva, Doga ko Bahadur: wanne zaka fara karantawa cikin 'yan sa-kan komik ɗin Indiya?

Mu dai abun da muka sani na Indiya fim ne, akta da bos da rawa da waƙa, shi yasa in kace wa mutum ai Indiyawa suna da nasu littattafan komik, wato masu ba da labari da zane-zane, da nasu jarumai masu bin 'yan daba cikin dare sai ya ɗauka Batman aka juya musu zuwa yarensu. Alhali tun shekarun 1970 suke zana nasu, kuma a shekarun 1990 yaro a Delhi ko Patna ko Lucknow in anyi hutun zafi babu abun da yake ɗoki kamar yaje shagon haya na unguwa ya karɓo komik ya karanta ya mayar gobe ya karɓo wani, irin dai yadda ake hayar littattafan Hausa a Kano a wancan lokacin.

Toh matsalar wanda yake so ya fara yanzu ita ce jaruman sunyi yawa, kamfanin Raj Comics kaɗai ya isa ya rikita ka. Don haka na ware masu siddabaru gefe, su Nagraj mai macizai a cikin jiki da Shakti da Anthony wanda ke tasowa daga kabari, waɗannan wani zancen ne daban. Na bar waɗanda mutane ne kamar ni da kai, harsashi na huda su, kuma babu wanda ya ɗauke su aikin ɗan sanda amma suka ce su zasu gyara gari. Cikinsu uku ne suka cancanci a tsaya a kansu, Super Commando Dhruva da Doga da Bahadur. Kuma ni a ganina kar ka zaɓa da ƙwanji ko kyan kaya, ka duba me kowanne ke yi da mai laifi bayan ya damƙe shi, domin nan ne suka rabu. Dhruva miƙa shi yake ga hukuma, Doga lahira yake aika shi, Bahadur kuma in ya tuba sai ya bashi aiki. Dukkansu uku marayu ne, kuma in ka lura hannun da kowanne ya faɗa bayan maraicin shi ya yanke mai hanya.

Bari in fara da Dhruva tunda shi nafi tura mutane wajensa. Anupam Sinha ne ya ƙirƙire shi, shi ke rubutawa shi ke zanawa, Raj Comics suka fitar da littafin farko a 1987 mai suna Pratishodh Ki Jwala. An haife shi ne a gidan wasan sarkas mai suna Jupiter, irin babbar rumfar nan mai zakuna da giwaye da masu lilo a sama, babansa Shyam da mamansa Radha duk 'yan wasa ne a wurin, toh nan ya tashi yana tsintar abu kaɗan kaɗan wajen kowa, wannan ya koya mai tsalle da alkafura wancan ya koya mai saiti wancan tuƙin babur na ganganci, gashi kullum cikin dabbobi har yazo yana jin yarensu suna jin nasa. Sai wani gidan wasan na kishiya mai suna Globe suka sa aka banka wa Jupiter wuta, iyayensa suka mutu yana ɗan shekara 14. Wanda ya san labarin Robin yaron Batman zaice ai wannan kwafi ne, kuma gaskiya akwai ƙamshin hakan ba ƙarya, amma daga nan hanya ta rabu, domin shi ba wani attajiri mai kogo ne ya ɗauke shi ba, babban jami'in 'yan sanda ne mai suna Rajan Mehra ya kai shi gidansa ya maida shi ɗa.

Wannan riƙon shi ne komai a labarin Dhruva. Yaron da ya tashi a gidan ɗan sanda bazai zama mai kisa a lungu ba. Baya rufe fuska, bashi da wani suna na ɓoye, kowa a garin Rajnagar ya san shi ya san gidansu, kayansa shuɗi da rawaya ne da tauraro a bel, kuma yana da 'yar ƙungiya mai suna Commando Force da yake aiki da ita kafaɗa da kafaɗa da 'yan sanda, yaransa na farko su uku ne Peter da Renu da Karim, ko daga sunayen kaga abun da marubucin ke son nunawa game da Indiya. Baya kisa. Makamansa ma igiya ce da yake harbawa daga hannu da wasu 'yan ƙarafa masu siffar tauraro da takalmi mai taya da babur ɗinsa, shikenan.

Abun da ke sa mutum ya kasa ajiye littafin shi ne yadda yake cin faɗa. Kusan kullum bos ɗin ya fishi ƙarfi nesa ba kusa ba, akwai Dhwaniraj mai yaƙi da ƙara, akwai Chumba mai maganaɗisu, akwai Bauna Vaman wada mai kayan wasan yara masu kisa, akwai Mahamanav wanda da tunani kawai yake juya abubuwa, ga uban tafiyar Grand Master Robo rabi mutum rabi inji mai ido ɗaya dake fitar da wuta. Sai kaga an kwashe shafuka ana jibgar Dhruva yana gocewa yana sha da ƙyar, kai mai karatu kana ta tunanin yau kam ta ƙare, ashe shi idonsa na kan wani abu da aka zana a gefen hoto tun ɗazu baka kula ba, sai ya haɗa shi da wata 'yar dokar kimiyya irin ta ajin sakandare, zafi ko sanyi ko lantarki ko iska, ya kifar da ƙaton. Wannan wasan ƙwaƙwalwar shi yasa yaran Indiya da yawa suka fi ƙaunarsa akan masu ƙarfin tsafi. Wani lokacin dai kimiyyar ana ja mata wuya har ta kusa tsinkewa, malamin fiziks zai yi tsaki, amma ga yaro ɗan shekara 12 wallahi babu laifi, gara ya tashi da tunanin cewa hankali na kada ƙarfi.

Ga kuma harkar gida da soyayya wadda mai kallon finafinan Indiya zai ji kamar a gida yake. Ƙanwarsa ta riƙo Shweta ita ce Chandika, wata jaruma mai rufe fuska da ke faɗowa ta cece shi duk sanda ya shiga uku, shi kuma duk wayonsa an daɗe ana wasa da hankalinsa akan ko wacece. Sannan Natasha wadda ke sonsa 'yar Grand Master Robo ce, yau tana ɓangarensa gobe ta koma wajen ubanta. Inda Dhruva ya gaza kuwa shi ne yayi tsabta da yawa. Rajnagar gari ne na ƙirƙira, kuma mafi yawan abokan gabarsa irin mahaukatan masana ne da dodanni, ba irin ɓarawon da zai tare ka a hanyar tasha ba. Ya kama su ya kai gidan yari su gudo ya sake kamawa, haka dai. In kai abun da kake nema shi ne labarin dake warin kwata da cin hanci da ɗan siyasa mai ɗaure wa 'yan daba gindi, zaka ji kamar ana maka wasan yara.

Wannan warin kuwa Doga ne ke dashi. Ya fito a 1992 a littafi mai suna Curfew, Tarun Kumar Wahi da Sanjay Gupta da mai zane Manu suka haɗa shi, kuma ba a garin ƙirƙira aka ajiye shi ba, a Bombay ne, wadda aka maida Mumbai a 1995. Ka tuna wane lokaci ne wannan, rikicin addini na Disamba 1992 zuwa Janairu 1993, sai bama-baman 12 ga Maris 1993, ga manyan 'yan daba masu karɓar kuɗi wajen 'yan kasuwa da masu shirya fim, a cikin wannan hayaƙin aka raini Doga a matsayin labari. Sunansa na gaskiya Suraj. Jariri ne da wani ɗan fashin daji mai suna Halkan Singh ya tsinta a bola, ba don tausayi ya ɗauke shi ba, ya riƙe shi ne kamar kare yana gallaza mai, yaron ya tashi yana kallon kisa da idonsa har ya samu ya tsere ya faɗo birni. A nan ya haɗu da wasu 'yan'uwa huɗu da ake kira da sunan kayan yaji, Adrak Chacha da Haldi Chacha da Dhania Chacha da Kali Mirch Chacha, na farkon ya gina mai jiki a gidan ɗaga ƙarfe, sauran suka koya mai dambe da faɗan hannu da harbi. Da rana Suraj ne mai koyar da motsa jiki, da dare ya saka fuskar kare ya rataya bindigogi ya bi ta magudanan ruwa na ƙarƙashin gari ya ɓullo inda ba a zata ba.

Karnukan titin Mumbai su ne 'yan leƙen asirinsa, yana jin maganarsu, su suke kawo mai labari. Mu da kare ba abun so bane a wajenmu sai abun ya ɗan yi maka banbaraƙwai da farko, amma a can ma ai zagi ne ace maka kare, kuma da gangan akayi, wanda aka wulaƙanta ne ya ɗauki wulaƙancin ya maida shi abun tsoro. Taken sa da masoyansa ke yawan maimaitawa shi ne wai shi baya warware matsala, tumɓuke ta yake daga saiwa. Kuma haka ɗin ne, ba sani ba sabo, 'yan sanda na nemansa shima ko a jikinsa, akwai Inspector Cheetah da ya fara da farautarsa daga baya suka zama na juna. Zanen Manu na shekarun farko yana da nauyi, jiki kamar an sassaƙa, duhu da jini da ruwan sama, in ka buɗe shafi kasan ba littafin yara ka riƙe ba. Masu cewa Punisher ne na Indiya, wato jarumin komik ɗin Amurka mai kashe masu laifi, basu yi ƙarya ba, sai dai shi Punisher tsohon soja ne da aka kashe wa iyali, Doga kuwa bai taɓa samun iyalin da za'a kashe ba ma tun farko, wannan ya sa fushinsa yafi kama da na yaron titi.

Abun da na fi so a Doga ba harbin bane, Monica ce. Tana son Suraj amma ta tsani Doga, kullum burinta ya jefar da fuskar nan su zauna kamar mutane, shi kuma yayi alkawari ya karya yayi ya karya, domin da zarar yaji an taɓa wani marar gata sai jikinsa ya hau rawa. Labaran da suka fi daɗi su ne waɗanda ake matsa mai a wannan wajen. Akwai kuma jerin da ya fara da Doga Hindu Hai, wato Doga ɗan Hindu ne, inda aka shiga batun rikicin Hindu da Musulmi kai tsaye, ana jan jarumin kowa na so ya laƙaba mai addini, wanda ba ƙaramar kasada bace ga kamfanin dake sayar wa matasa littafi a Indiya. Ba mamaki daraktan fim Anurag Kashyap ya daɗe yana faɗin yana son maida Doga fim.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. A cikin komik, kafin Doga ya harbe mutum marubuci ya riga ya nuna maka shi yana aikata laifin ƙuru ƙuru, kai shaida ne, don haka in harsashi ya tashi sai kaji sanyi a ranka. A waje babu mai nuna maka wannan shafin. Indiya ƙasa ce da ta san abun da suke kira enkawunta, wato 'yan sanda su harbe wanda ake zargi suce musayar wuta akayi, a Mumbai ta shekarun 1990 har wasu jami'ai sukayi suna da wannan. A Disamba 2019 a Hyderabad 'yan sanda suka harbe mutum huɗu da ake zargi da fyaɗe da kisan wata likitar dabbobi, jama'a suka fito suna watsa musu furanni, sai gashi a 2022 kwamitin da Kotun Ƙoli ta kafa ƙarƙashin mai shari'a Sirpurkar yace da gangan aka harbe su kuma a gurfanar da 'yan sanda 10 kan kisan kai. Toh wannan tafin da akayi a Hyderabad shi ne dai tafin da Doga ke nema a wajenka. Babba zai karanta yaji daɗin labarin kuma ya san inda aka yaudare shi, yaro kuwa ban ga dalilin miƙa mai ba.

Sai Bahadur, wanda ya girme su duka kuma shi mutane suka fi mantawa. Aabid Surti ne ya ƙirƙire shi a 1976, Govind Brahmania ya zana, daga baya Jagjit Uppal ya karɓi rubutun, a cikin Indrajal Comics na kamfanin jaridar Times of India. Indrajal tun 1964 suke buga jaruman Turawa irin su Phantom da Mandrake, Bahadur ne ya zama ɗan gida da ya tsaya a gefensu. Shi Surti ɗin ma mutum ne mai ban sha'awa, da ya tsufa sai ya koma bin gidaje a unguwarsu a wajen Mumbai da mai gyaran famfo suna gyara famfunan dake ɗiga kyauta don kar ruwa ya tafi a banza, kaga irin tunanin mutumin tun daga nan.

Labarin ya fito ne daga matsalar 'yan fashin kwazazzaban kogin Chambal, yankin da ya ratsa Madhya Pradesh da Rajasthan da Uttar Pradesh, inda gungun 'yan bindiga suka daɗe suna tare ƙauyuka da sace mutane don kuɗin fansa. A 1972 ɗaruruwansu suka ajiye makamai ta hannun ɗan gwagwarmaya Jayaprakash Narayan, shahararriyar 'yar fashi Phoolan Devi ma a 1983 ta miƙa wuya, don haka tambayar me za'ayi da ɗan fashin da ya tuba tambaya ce mai rai a lokacin. Bahadur ɗan wani ɗan fashi ne, Bhairav Singh, wanda jami'in 'yan sanda Vishal ya kashe. Yaro ya tashi da rantsuwar ɗaukar fansa, sai shi Vishal ɗin ya nuna mai ainihin abun da ubansa ya aikata wa mutane, daga nan ya juya. Ya kafa rundunar tsaro ta farar hula a garin Jaigarh, Citizens' Security Force, kuma mafi yawan mutanensa tubabbun 'yan fashi ne, har mataimakinsa Lakhan daga dajin ya fito. Babu fuska babu alkyabba, riga ce mai ruwan lemo irin tasu da wandon jins, ga gashi da tsayi dake tuna maka Amitabh na wancan zamanin, ga budurwarsa Bela wadda ta iya faɗa da kanta ba sai an cece ta ba.

Kaga shi da Doga kusan daji ɗaya suka fito, dukkansu a hannun 'yan fashi suka buɗe ido, amma ɗaya ya samu wanda ya zaunar dashi yayi mai magana ɗaya kuma bai samu ba sai masu koya mai naushi. Kuma duk wanda ke Zamfara ko Katsina ko Sakkwato in ya karanta Bahadur sai gabansa ya ɗan faɗi, domin maganar 'yan sa-kai da sulhu da tubabbun 'yan bindiga ba labarin littafi bane a wajenmu, Katsina ta ƙaddamar da nata jami'an tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024. Sai dai Bahadur ya sauƙaƙa abun fiye da kima, tubabbunsa in sun tuba sun tuba kenan, rundunarsa bata kuskuren kama marar laifi, bata zama ita kanta abun tsoro ga ƙauye, kuma 'yan sandan da yake aiki dasu mutanen kirki ne. Duk da haka shi kaɗai ne cikin ukun ya damu da abun da zai faru washegarin faɗa, waye zai tsare garin in jarumi baya nan, me tsohon ɓarawo zai ci. Rauninsa a wajen mai karatun yau shi ne zanen tsohon yayi ne, labarin a miƙe yake babu yawan murɗiya, kuma da aka ci gaba sai ya koma kama 'yan fasa ƙwauri da 'yan leƙen asiri kamar kowane jarumi. Indrajal ta rufe a 1990, don haka samun na takarda sai wajen masu tara tsofaffin littattafai, kuma basa saki da arha.

Akwai wasu da zaka ci karo dasu a hanya. Tiranga, wato Abhay, ɗan binciken sirri ne a Delhi mai sanye da launukan tutar Indiya da garkuwa, daga cikin labaran Doga ya fito, yana tsakanin Dhruva da Doga a hali amma kishin ƙasar yayi yawa, in kai ba Ba'indiye bane wani wajen sai kaji kamar taron siyasa kake. Parmanu kuma Inspector Vinay ne na 'yan sandan Delhi da kawunsa farfesa ya ƙera wa kaya masu ƙarfin nukiliya, yana tashi sama yana ƙanƙancewa, ni ban sa shi a lissafi ba tunda kayan ne ke faɗan. Inspector Steel ma ɗan sanda ne rabi inji, shi doka yake bi sak, ba ɗan sa-kai bane ko kaɗan.

Wanda ya kamata in ɗan tsaya a kansa shi ne Rakshak na Shamik Dasgupta, kamfanin Yali Dream Creations, wanda ya fito a 2016. Aditya Shergill tsohon kwamandon sojan ruwa ne da aka yi wa 'yar'uwarsa ta'asa a Delhi ya rage daga shi sai 'yarta, daga nan ya shiga farautar masu laifi. Jinin Doga ne a jikinsa amma an rubuta shi ne don manya na wannan zamanin, bayan fyaɗen da gungun maza suka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a Disamba 2012 har ta rasu, abun da ya girgiza ƙasar. Babbar fa'idarsa gare mu ita ce da Turanci yake.

Domin maganar yare ita ce zata yanke wa mutane da yawa hukunci ko sun so ko basu so ba. Dhruva da Doga da Hindi aka rubuta mafi yawansu, kuma da rubutun Devanagari. Jin Indiyanci daga fim daban, karanta shi daban, mutum zai iya jin rabin abun da Shah Rukh ke faɗa amma a miƙa mai shafi ya tsaya yana kallon ƙugiyoyi. An fitar da wasu da Turanci amma kaɗan ne in ka kwatanta da tarin da ake dashi. Dabarar da ta rage ita ce ka ɗora kyamarar waya da Google Lens tana juya maka, tana aiki daidai gwargwado amma rubutun cikin kumfar magana wani lokacin na hannu ne sai ta kawo maka shirme. A nan Doga yafi sauƙi, domin rabin labarin a hoto yake, naushi baya buƙatar fassara. Dhruva kuwa daɗinsa na cikin bayanin dabarar, in fassara ta kwafsa a daidai wajen toh ka rasa abun da kazo nema. Bahadur shi ya huta da wannan, Indrajal da Turanci da Hindi da wasu yarukan suke bugawa tun asali.

Ga iyaye kuma masu tunanin abun da zai shiga kan yaro ta fuskar aƙida, waɗannan ukun sun fi su Nagraj da Shakti sauƙi nesa, tunda su can allolin Hindu na cikin ginin labarin ne. Bahadur kusan babu, Doga ma titi ne da bindiga. Dhruva na farko farko kimiyya ce da kasada, sai dai in ka shiga manyan jerin da aka haɗa shi da Nagraj irin Nagayana wanda aka ɗora akan labarin Ramayana, nan kam ka shiga tatsuniyoyin addininsu sosai, ka sani tun kafin ka saya.

Toh in ɗan'uwa ya tsare ni yace faɗi ɗaya, Dhruva zan ce, kuma ya fara daga tsofaffin na ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, Pratishodh Ki Jwala sannan Grand Master Robo, in yaji daɗi ya nemi Khooni Khandan inda aka tono asalin babansa. Shi ne zaka karanta ka miƙa wa ƙaninka ba tare da ka yage wani shafi ba. In kuma kai babba ne kuma finafinan 'yan daban Mumbai ne abincinka, tafi kai tsaye wajen Curfew da littattafan da suka biyo shi inda ake ba da labarin su Adrak Chacha, kar ka fara da na baya bayan nan domin zaka tarar da mutane da yawa da baka san daga ina suka fito ba. Wanda Hindi ta gagara gaba ɗaya, Bahadur in ya samu, in bai samu ba Rakshak, amma shi wannan kar a barshi a falo inda yara suke.

Wajen saye kuma ka kula, tun wajen 2020 Raj Comics ta rabu tsakanin 'yan'uwa uku, Sanjay da Manoj da Manish Gupta, kowanne na bugawa da sunan Raj Comics sai ya ƙara nasa sunan a gaba, kuma jaruman ɗaya ne, don haka zaka iya ganin tsohon labari guda a bango biyu daban ka saya sau biyu baka sani ba. Ka duba sunayen labaran dake cikin tarin ba hoton bango ba. Kuma tunda kuɗin aiko da kaya daga Indiya sau da yawa yafi kuɗin ɗan siririn littafin, gara ka nemi manyan tarin da suke haɗa labarai da yawa a bango ɗaya, ko ka jira wani ɗalibi ko mai zuwa asibiti a Delhi ya riƙo maka a jaka.